Hoton Lambun Goggo

Ni na ƙirƙiro abin da muka kira Lambun Mako, babu wanda ya sa ni, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Nasarawo. Ni na haɗa mana ɗan dandali a intanet, mu masu lambun cikin gida, inda mutum zai ɗora hoton ganyen da ya lalace ya nemi shawara. Akwai matan Tudun Wada masu shuka a buhu da tsohon bokiti, da ma'aikatan gwamnati, da wasu manoma daga Kwadon. Halina kuwa ba na iya barin abu ya zauna lafiya. Na ƙara wurin musayar iri, ya karɓu. Na ƙara saƙon murya don waɗanda rubutu ke ba wuya, ya fi karɓuwa. Daga nan kaina ya fara kumbura.

Saƙon muryar nan saboda Goggo na yi shi. Ba mu haɗa dangi ba, haka kowa ke kiranta. Dattijuwa ce a Tudun Wada, mijinta ya daɗe da rasuwa. Kallo ɗaya za ta yi wa hoto ta ce ruwa ne ya yi yawa, ko ta ce a barbaɗa toka da sassafe, kuma haka ɗin ne. Tambayar da Goggo ba ta sa baki ba, ba a ɗauka an amsa ta ba. Ni ma duk abin da na sani na shuka a wurinta na samu, don har bayan ɗakinta takan kai ni. Gwanda, rumman, zogale, attaruhu, ga tumatir jere a buhuna, dukansu da ruwan alwala da na ɗauraya take raya su, a unguwar da sai an sayi ruwa.

Na lura ba ta taɓa ɗora hoton lambun gaba ɗaya ba, sai dai ganye guda a tafin hannu. Na ɗauka rashin iya waya ne.

Tsarin Lambun Mako mai sauƙi ne: a ɗora hotuna, a kaɗa ƙuri'a, wanda ya ci ya zauna a saman shafi kwana bakwai. Ina son a fara da abin da zai ja hankali. Wata Asabar da na je wurinta, ta shiga ɗaki ɗauko mini irin kuɓewa, na zaro waya na ɗauki hoton lambun. Ban tambaye ta ba. A ganina karrama ta zan yi.

Na ɗora hoton a dandalin. Goggo ta ci, babu wanda ya ko matso kusa. Mutane suka yi ta rubutu a ƙasa, wannan ya ce bai taɓa ganin tumatir irin wannan ba, wancan ya ce anya a Gombe ne. Wata har 'ya'yan gwandar ta ƙirga. Masu cewa tubarkalla ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Abokiyar aikina mai koyar da noma, Kirista ce 'yar kudancin jihar, ta same ni a ofishin malamai ta ce in sauke hoton, ko a garinsu ba a buɗe wa jama'a rumbu. Na yi dariya na ce zamani ya wuce nan. Abin kunyar shi ne ni ma a gidan da ba a yaba abu da baki sake na tashi. Na san tsoron baki sarai. Da na zauna gaban kwamfuta ne na manta da shi.

Bayan mako biyu tsutsa ta faɗa wa tumatirin Goggo, ganyen ya koma kamar an babbaka. Ba ita kaɗai ba ce, ta shiga gidaje da yawa a lokacin. Amma muryar Goggo ta ɗauke daga dandalin. Tambayoyi suka taru, waɗanda ba su san komai ba suka shiga ba da fatawa, wani har ya ce a fesa kalanzir. Na kira ta sau uku, ta amsa gaisuwa kawai.

Ran Juma'a da la'asar na hau keke na tafi. Ta shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗaki, ta kawo ruwa, ta tambayi yara da aiki. Ni kuwa na zo da hujjata a shirye. Na shiga yi mata bayani cewa tsutsar nan ta game gari, ba ruwanta da hoto, har a Kwadon ta yi ɓarna. Ta bar ni na gama tsaf.

"Malama, na san tsutsa tun ba a haife ki ba," in ji ta. "Wataƙila baki ne, wataƙila ba shi ba ne, Allah ne masani. Da kika ɗauka, kin tambaye ni?"

Na ce a'a, Goggo.

Ta ce tun rasuwar maigidanta mutum huɗu ta taɓa kaiwa bayan ɗakin nan, ni ce ta huɗun. Ba ta ɗaga murya ba, da ma faɗa ta yi mini da na fi samun sauƙi. Na ba ta haƙuri, na ce a yau zan sauke hoton in rushe tsarin baki ɗaya. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, kuma na yarda da gaske take.

Sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro wayarta, ta miƙo mini.

"Cire ni daga abin nan naku, 'yar nan. Ke kika sa ni, ni ban san inda ake dannawa ba."

Na riƙe wayar ina jiran ko za ta sake magana. Ta jawo faifai ta shiga tsince shinkafarta. Da hannuna na cire ta.