Ranar da Aka Sa Garinmu a Taswira

Daga Yindiski

Ni ban yi karatu ba, 'yata Hauwa ce ke rubutawa ina faɗa mata. Mun tashi daga unguwarmu Yindiski bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Wannan ce fitata ta farko daga Potiskum tun da na fita takaba aka ɗauko ni daga ƙauye. Allah Ya jiƙan Malam.

Ga dalilin tafiyar. Kwanakin baya masu binciken ruwan sha sun bi gida-gida, wata yarinya a cikinsu ta tambaye ni ƙauyen da na fito da halin ruwansa. Na gaya mata rijiyarmu ɗaya ce, gefenta ya rufta. Da ta nemi sunan garin sai na ce Garin Malam. Mijina ne ya sari wurin, da sunansa ake kiransa, ni kuwa tun da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kama sunansa ba. Yarinya ta buga a waya, waya ta nemo mata wani Garin Malam can daban, ta ɗora mana alama a kai.

Shugabarsu, Malama Zainab, ita ta dawo da kanta. Ta ce, "Iya, kin ce rijiya ɗaya da kuka biyu. Hoton da aka ɗauko daga sama yana nuna mini kwalta da tankin ruwa. In muka bar shi haka, za a rubuta mutanenki suna da famfo."

Hauwa ta faɗa mata sunan na gaskiya, ta nema a taswira, babu shi. Ta ce sai an je an tsaya a wurin da waya. Na ce ƙafata ƙafarku.

Hanyar Damaturu

Motar aikinsu muka shiga, ni da Hauwa a baya. Direban Babarbare ne, sunansa Modu. Tun kafin mu fita gari ya ce shi ya samu amarya. Na ce masa in yana iya sayen goro kullum, bismilla. A shingen jami'an tsaro aka leƙa, aka tambayi inda muka nufa. Modu ya ce, "Gari za mu nemo, ya ɓata." Jami'in ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Gero ya nuna dama da hagu, wasu har sun fara yanka. Na kau da kai daga taga, don a irin wannan lokaci ne Malam ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

Damagum

Da hantsi muka isa. Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha, ƙosan ya sha mai fiye da kima. Na sayi gishiri da sabulu na tsaraba. Daga nan muka bar kwalta muka kama burji, burji ya ƙare muka shiga yashi.

A wata mararraba Modu ya tsaya ya ce, "Amarya, dama ko hagu?"

Na duba, ban gane komai ba. An sare itatuwan da na sani. Kuma gaskiyar magana, duk zuwan da na yi ta wannan hanya Malam ne a gaba, ni bayansa kawai nake kallo. Na fashe da kuka, ba kuma zan ɓoye ba.

Malama Zainab ta bari na gama, sannan ta dawo baya kusa da ni, ta buɗe hoton sama, tana jan sa da yatsa.

"Iya, tafkin da kuke wanki, yana gabas da gari ko yamma?"

"In za mu je, rana tana dukan fuskarmu da safe."

"To gabas. Kukokin fa, a manne suke?"

"Tsakaninsu amalanke ke wucewa."

Ta nuna mini wasu baƙaƙen tabo biyu a gefen wani fari. Ni dai ban ga kuka ba, ƙwayar barkono na gani. Ta ce hagu.

A kan amalanke

Ba mu yi nisa ba yashi ya riƙe mota. Modu ya zauna gadinta yana mita, mu kuma wani manomi ya ɗauke mu a amalanken shanu. Ƙashina duk ya gaya mini. Da kukokin suka bayyana, Hauwa ta riƙe mini hannu.

Gida

Garba, ƙanin Malam, shi ya fara ganinmu. Ya ce, "Matar birni, kin tuna da talakawanki?" Na ce masa na zo ne in ga ko ya koyi wanka. Aka kawo fura da nono. Ruwan da aka dama ta da shi ja ne, Malama Zainab ta duba, ta shanye.

Muka je rijiya. Ta tsaya a bakinta, ta ɗaga waya, ta ce a jira har alamar ta daina rawa. Ta ɗauki hoto, ta ƙirga gidaje tana gwadawa da rufin da ke cikin taswira, ta sake yin tambayoyin nan tun daga farko. Garba ya faɗi sunan gari, ta rubuta.

Ya ce, "Malama, gida biyu sun tashi bara saboda ruwa. Yaushe za a haƙa mana?"

Ta ce, "Baba, ban zo da rijiya ba, kuma ba zan yi maka alkawari ba. Aikina in tabbatar wanda zai duba ya ga kuna nan, ya ga abin da kuke sha."

Garba ya ce, "To bana ma za mu zauna mu gani."

Bayan azahar na je bayan gari inda Malam yake. Ruwan sama ya zaftare gefen kabarin, na sa Garba ya ƙara ƙasa da ƙaya. Na daɗe a wurin. Abin da na gaya masa tsakanina da shi ne.

Komawa

Samarin gari suka turo mota ta fita daga yashi. Muka yi la'asar a Damagum, muka shigo Potiskum ana kiran magariba. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malama Zainab da ba ta yarda da abin da ba ta gani ba, da Modu, ko da yake goron bai zo ba har yau.

Hauwa ta tambaye ni ko ta sa sunan garin a wannan labari, tunda hannunta ne zai rubuta. Na ce maganata ce, ta bar shi. Wanda yake so ya sani ya buɗe waya ya bi hanyar Damagum, zai same shi a rubuce kusa da kuka biyu.