Mai Rabon Kananzir

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Bauchi ba aiki, sai wata tsohuwar kwamfuta da ba ta riƙe caji. A ɗakin zauren gidanmu a Fadaman Mada muka fara gina wasan waya, ni da wani abokina da muka yi karatun jami'a tare a Gubi. Ɗan kudu ne haifaffen Bauchi, babansa na sayar da kayan gyaran mota. Shi ke zane, ni ke rubuta umarnin da ke motsa komai.

Wasan wani gari ne da ruwa ya cinye rabinsa, rana kuma ta daina fitowa. Akwai halittu marasa fuska da ke fitowa daga ruwan, ba abin da suke tsoro sai haske. Mutane da yawa ke shiga a lokaci guda, kowa daga wayarsa, kowa da fitilarsa. In kananzir ɗinka ya ƙare sun kama ka, duk abin da ka tara ya zube, sai ka sake daga farko. Abin da muka fi taƙama da shi shi ne ba mu sa shago ko ɗaya ba. 'Yan wasa ke tono kananzir a kangwaye, su yi musayarsa da abinci ko magani yadda suka ga dama. Muka yi wa juna alkawarin ba za mu taɓa tsoma hannu a kasuwar ba.

A lokacin yayata tana kwance a cikin gida. Ma'aikaciyar jinya ce. Keken haya mai ƙafa uku da ta hau zuwa aiki ne ya kife a hanyar Inkil, lakarta ta taɓu, ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Mace mai surutu ta koma sai i da a'a. Wata rana bayan azahar na shiga gaishe ta da kwamfuta a hannu, ta ce, "Wai kai auta, me kake ta dannawa ne wata da watanni?"

Na sa mata wasan a wayarta, don dai in cika mata ido.

Sai ga shi ta kama. Ba ta yawon neman dukiya kamar sauran 'yan wasan, waɗanda yawancinsu ɗaliban Gubi ne da muka roƙa su gwada mana. Wani kango ta samu kusa da inda sababbin shiga ke bayyana, ta mayar da shi masauki. Ta tono kananzir ta ajiye, duk baƙon da ya zo a firgice ta cika masa fitila kyauta, ta nuna masa hanyar da ba ta bi ta bakin ruwa ba. Suka riƙa kiranta Anti. Daga zaure nakan jiyo dariyarta. Mahaifiyarmu ta tare ni a tsakar gida da kwano a hannu ta ce, "Ka gani? Ta cinye tas. Ko me ka ba ta, ka ƙara mata."

Akwai wasu yara biyar da suka mamaye kangwayen da suka fi kananzir, suna sayarwa da tsada. Kyautar Yaya ta karya musu kasuwa. Sai suka gano halittun suna bin ƙara. Suka riƙa buga gwangwani tun daga bakin ruwa har ƙofar masaukinta, su jawo su da yawa, har haskenta ya kasa korarsu. Ta mutu a wasan, ajiyarta ta zube, suka kwashe. Ta sake daga farko. Suka sake. Sau huɗu.

Ta aika aka kira ni.

"Ba kai ka gina garin nan ba?"

"Ni ne, Yaya."

"To ka hana su mana. Ba don ni ba. Jiya wata yarinya ta shigo, ko minti biyu ba ta yi ba."

Na ce zan duba. Na kai maganar wurin abokina a shagon babansa, yana tsugune yana ware kusoshi. Da irin Hausarsa da ba ta raba mace da namiji ya ce, "Ba su karya doka ba. In ka taɓa kasuwa sau ɗaya, ya mutu. Gobe kowa zai ce a taimaki yayansa."

Ba zan ɗora masa laifi ba, don abin da nake son ji ya faɗa. Gaskiyar da na daɗe ina ɓoyewa ita ce abin ya burge ni. Ban koya wa yaran nan dabarar gwangwani ba, su suka ƙirƙiro ta, kuma a ganina alama ce wasan ya yi rai. Har na rubuta labarin a takardar da muke shirin aika wa masu zuba jari, na ce wata 'yar wasa, ban ce yayata ba.

Na koma na yi mata dogon bayani a kan 'yancin kasuwa. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta goge wasan a gabana, ta juya fuskarta bango.

Daga nan sababbin shiga suka daina daɗewa. Mutum ya shigo, ba shi da abin musaya, fitilarsa ta mutu, ya fita bai dawo ba. Cikin 'yan makonni garin ya zama kufai, sai yaran nan biyar zaune a kan tulin kananzir, babu mai saye. A lokacin na karya alkawarin da na ƙi karyawa dominta. Na sa rijiyar kananzir kyauta, na rage wa halittun jin ƙara, na sake sa wasan a wayarta, na miƙa mata.

"Na gyara, Yaya. Yanzu ba mai iya taɓa ki."

Ba ta karɓa ba. "Ka bar ni, auta. Na gaji da farawa daga farko."

Masu zuba jari ba su amsa ba. Muka rufe wasan kafin damina ta wuce. Abokina ya gaji shagon babansa, ni kuma na samu wurin buga wa mutane takardu. Yaya har yau ba ta taka ba. Muna gaisawa, ina ɗaga ta in an buƙata, amma ba ta ƙara tambayata me nake dannawa ba.

Kwanan baya a cikin keke wani saurayi ya gane ni. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ne. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce bai taɓa jin daɗin wasa kamar namu ba, yaushe za mu sake buɗewa? Ya shiga ba ni labarin gwangwani yana dariya, har direba na taya shi. Na ce a sauke ni, ko rabin hanya ban kai ba. Sauran na ƙarasa da ƙafa cikin rana.