Shatin Yatsunta a Jikin Daddawa

Shekarar da faccalata ta rasu girki ya fita raina. Ba ciwo na yi ba. Hannuna yana aiki, ni ce dai ba na wurin.

Mazajenmu wa da ƙane ne, gida ɗaya, tukunya ɗaya, ni ce matar babban. Lokacin Turawa ba su daɗe da kafa turakun iyaka tsakaninmu da Ƙwanni ba, aka ce nan na Ingilishi, can na Faransi, sai gidanmu ya zama masaukin fatake masu jiran a sallame su su ƙetara. Tuwo ba ya yankewa. Girki kwana biyu nawa, kwana biyu nata, amma daka tare muke yi, turmi ɗaya, taɓarya biyu. Ba zan ce mun shaƙu ba. Dariyarta ta yi mini yawa, kuma na sha gaya mata. Takan ce, "Yaya, ke ko tuwo ya ga huskarki sai shi daskare."

Bayan kaka zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana shida aka kai ta. Ta bar ɗiya 'yar shekara huɗu. Ni kuwa uku na haifa, duka Allah ya karɓi abinsa kafin yaye, don haka ba a ma yi shawara ba, yarinyar ta dawo ɗakina.

Girki ya dawo kaina ni kaɗai. Surfe, bakace, niƙa, talge, tuƙi, kwasa. Gari ya waye a sake. Na daina ɗanɗana miya. Kuka yau, kuka gobe, ruwa da gishiri. Fatake su ci su tashi, mazan gida kuwa ba su tanka ba, sun san halina.

Daka ce ta fi damuna. In na sauke taɓarya sai in dakata, in bar wa tata wuri ta sauka. Na yi na yi in hana kaina, na kasa. A wannan ɗan tsakanin kuwa ina jin saukar tata, ba a kunne ba, a ƙirji. Wata maƙwabciya ta taɓa leƙowa ta kan danga ta ce dakana yana ɗingishi. Na ce ta kula da nata.

A ɗakin marigayiyar akwai wata 'yar tukunya rataye a ragaya. Ranar da muka raba kayanta na buɗe, na tarar da daddawar batso, wadda take yi da 'ya'yan yakuwa, curi goma sha ɗaya. Kowane curi da shatin yatsunta uku a jiki, inda ta danna kafin ta shanya. Na rufe na mayar. Tun ranar ban ƙara sa daddawa a miya ba, ko ta kasuwa. Ni ban iya yin ta ba, ita ke yi mana.

Sai yarinyar ta daina ci. Ta sa hannu a akushi, ta kai hanci, ta janye. Na yi faɗa, na yi lallashin da na iya, wanda ba shi da yawa. Aka karɓo rubutu ta sha. Wuyanta dai ya yi ta tsawo, wasa ya tsaya, wuni take kwance a inuwar rumbu.

Wata ranar kasuwa kakarta ta wajen uwa ta zo daga Ƙwanni bisa jaki. Ta ɗaga hannun yarinyar ta duba, ta saki.

"Mi kika ba ta?"

"Abin da kowa ka ci, Inna."

Ta je murhu da kanta, ta tsoma yatsa a tukunya ta lasa. "Wagga ba miya ba ta, ɗiyata. Ruwa na, kuka ta faɗa ciki." Ta goge yatsan da zane. "Kasuwa biyu na ba ki. In na komo na ishe ta haka, da ita za ni gida."

Uban yarinyar yana tsaye, ya sunkuyar da kai, bai ce a'a ba. Ƙwanni ba nisa, amma tun da aka kafa turakun nan maigidana ya hana matan gidansa ƙetarawa. In yarinyar ta tafi, ta tafi ke nan.

Washegari da hantsi na sauke tukunyar daga ragaya. Na ɗauki curi ɗaya, na sa yatsuna cikin shatin. Nawa sun fi nata kauri, ba su shiga ba. Na daɗe a haka, don na san in na fasa ba za a sake wani irinsa ba. Sannan na jefa a turmi da barkono da busasshiyar albasa, na daka.

Da ƙamshin ya tashi daga tukunya sai na ga yarinyar ta miƙe daga gindin rumbu. Ba wurina ta nufo ba. Ƙofar ɗakin uwarta ta tafi, ta ɗaga asabari, ta leƙa, ta kira ta a hankali sau biyu. Ina riƙe da ludayi, ban motsa ba. Ni ma, Allah ya sani, ɗakin nake kallo.

Ta dawo ta tsaya gabana. "Ina ta ɓoye?"

"Ba ta zo ba. Daddawarta ce na sa. Zauna ki ci."

Ta yi loma huɗu, ta tsaya, ta ƙara biyu. Abin da ta rage na kai bakina, shi ne karo na farko da na ji ɗanɗanon abinci tun bayan kaka.

Curi goma ba za su ishi fatake ba, sai na ware wa yarinyar 'yar tukunya dabam. Tukunyar nan ce ta tashe ni. Ina surfe ina tunanin me zan sa mata yau: busasshiyar kuɓewa, ko lalo, ko yakuwa da ɗan wake. Na koma ɗanɗanawa, ina gutsurar daddawar kaɗan kaɗan kamar magani. Da harshena ya dawo sai na ji kunyar abin da nake ba maza, na sayo ta kasuwa na gyara babbar tukunyar ma. Maigidana ya ci, ya dube ni, na dube shi, ya ci gaba da ci.

Kakar ta dawo ranar da ta ce. Ta matsa damtsen yarinyar, ta je ta lasa miya. Ta gane daddawar ɗiyarta.

"Curi nawa sunka rage?"

"Bakwai, Inna."

"Za su ƙare."

"Shi ya sa nika so ki koya mini."

Ta harare ni. "Ke da anka ce ba a gaya miki magana?" Amma ta sa aka kwance wa jakin kaya. Kwana biyar ta yi, muna dafa 'ya'yan yakuwa, muna rufewa su ruɓa, muna dakawa da ruwan toka. Ta tafi ita kaɗai.

Daddawar farko da na yi bayan tafiyarta ko kaji sun ƙi ta. Sai a ta uku ta yi daidai, lokacin curi ɗaya ya rage na marigayiyar. Ban ajiye shi ba, abinci ne. Na sa shi ran nan, washegari na sa tawa, na zauna ina kallon bakin yarinyar. Ta cinye duka biyun ba ta bambance ba. Ni na bambance.

A ɗakina ta girma, daga nan aka kai ta ɗakin miji. Daka kuwa, har ƙarfina ya ƙare ban daina bar wa taɓaryar faccalata wurinta ba.