Maureen Rautio, Malamar da Ke Kashe Sautin Fim

Da safiyar Talata, 11 ga watan Maris, shugaban makarantarmu ya ƙwanƙwasa ƙofar ajina, ya yafito ni waje, ya ce mini kin rasu. Zuciya ce ta tsaya miki a gida, kina shirin fitowa aiki. Na koma cikin aji na tsaya ina kallon yaran, na kasa tuna abin da nake koyarwa.

Maureen, duk wanda ya yi sakandare a wannan gefe na garin Thunder Bay ya san ki da tsofaffin wasannin kwaikwayon Ingila. Yara na ƙinsu a takarda saboda nauyin Turancinsu, amma a hannunki suke son su, domin kin san duk wani fim da aka yi daga kowane wasa, kin kuma san wanda ya ci sunansa. Shekarar da na zo daga Toronto, na ce miki na fi son sababbin, masu launi da kiɗa. Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Kai ɗan birni, ashe labule da riguna ka zo kallo? Zauna in nuna maka fuska." Kika sa mini wani tsoho, baƙi da fari. Daga ranar muke gardama, ba mu gama ba har kika tafi. Ko muna tsakiyar musu sai kin turo mini burodin nan mai zaƙi da kakarki ta koya miki. Ranar da dusar ƙanƙara ta hana bas zuwa kuwa, motarki ce ke zaga unguwanni tana sauke yara, kina tuƙi kina sa su maimaita layukansu na wasan kwaikwayo.

Hanyarki ba irin ta kowa ba ce. Ki kunna fim, ki kashe sautinsa, ki jera ɗalibai a ƙarƙashin allon majigi, kowa da jaruminsa. In jarumi ya buɗe baki, ɗalibi ne zai yi maganar. Fim kuwa ba ya tsayawa. Sau ɗaya a shekara ake yin haka a gaban iyaye, ke kina zaune a baya da rimot a hannu. Na bana an sa shi ranar Asabar ɗin makon da kika rasu.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Kendra Bouchard. Yarinya ce mai kaifin hankali, amma tana da in'ina mai tsanani, har ta daina ɗaga hannu a aji tun da aka taɓa yi mata dariya. Ita da kanta ta roƙe ki babban matsayi, na budurwar da ta tsaya gaban mahaifinta ta ƙi yin rantsuwar ƙarya a kan ƙanenta, kika ba ta. Mahaifin Kendra, Réal, direban motar dakon gungumen itace, ya zo har makaranta da kayan aikinsa a jiki. Ina wurin ya ce miki, "Malama, ina ganin girmanki. Amma in aka yi wa 'yata dariya a bainar jama'a, a gabanki zan kama hannunta mu fita, kuma ta gama da wasanku." Kika amsa masa, "Réal, kai ma na koyar da kai, na san ƙarar muryarka. Ka zo da wuri, ka zauna inda za ta gan ka."

A wajen gwaji wani lokaci maganar na fito mata sumul, wani lokaci ta maƙale. Ranar Litinin na tambaye ki abin da za ki yi in ta maƙale a gaban mutane. Kika yi dariya kika ce, "Ɗan birni, ka cika gaggawa. Ranar Asabar za ka gani." Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Bayan rasuwarki shugaba ya so a soke taron. Yaran suka ƙi, Kendra ce ma ta fi kowa ƙi. Sai ya amince, ya miƙa mini rimot ɗinki, ya ce in yarinyar ta tsaya in ɗaga sauti, muryar jarumar ta rufe wurin, kowa ya huta. Na karɓi rimot ɗin na fita.

Ranar Asabar da rana zauren ya cika har da masu tsayuwa, rabinsu tsofaffin ɗalibanki. Na zauna a kujerarki. Réal na layi na biyu, bai ma cire rigar sanyinsa ba. Aka kashe fitilu, fim ya tashi shiru, yara suka shiga ba shi murya. Kendra ta wuce gajerun layukanta na farko lafiya. Sai aka zo doguwar maganar.

Jarumar ta buɗe baki. Kendra ta buɗe nata, harafin farko ya toshe mata maƙogwaro. Leɓɓanta na rawa, sauti ya ƙi fita. A samanta bakin jarumar na ta motsi, layi ya wuce, wani ya bi shi. Babban yatsana na kan maɓallin sauti. In na danna, na rufa mata asiri, amma zauren duka ya ji cewa wata ce ta yi maganar da ta roƙa a bar mata. In na tsayar da hoton, idanun kowa za su sauko kanta. In na ƙyale, fim zai tafi ya bar ta. A baya wani ƙaramin yaro ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsa ta toshe masa baki. Réal ya miƙe, ya fito tsakanin kujeru, ya nufi gaba. Shugaba ya juyo yana nemana da ido.

Ban danna komai ba, Maureen. Ban san ko abin da za ki yi ke nan ba.

Jarumar ta gama maganarta, kyamara ta koma kan fuskar mahaifin. Lokacin Anders Lindqvist ne, wanda ke ba mahaifin murya, yaron da ya shafe watanni yana haddar wannan amsa yana taƙama da ita. Tsohon da ke kan allo ya fara magana. Anders ya rufe bakinsa, ya juya ya dubi Kendra, ya jira. Cikin wannan shirun kalmar ta fito mata da ƙarfi, ta biyu ta biyo. Ta sake tuntuɓe a tsakiya, ta ja numfashi, ta ci gaba. Fim ya riga ya shiga wani ɗaki da wasu mutane, masu ba su murya su ma suka yi shiru, layukansu na wucewa a kan allo suna kallo. Ta faɗi maganar har ƙarshenta, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Réal na tsaye a tsakiyar hanya. Wata tsohuwa ta ja gefen rigarsa ta ce, "Kai, zauna, ka tare mini." Ya zauna a ƙasa, a kan matakala.

Da aka tashi ya same ni a bakin ƙofa, idanunsa jajur. Na ɗauka faɗa zai yi. Ya ce, "Malam, ba 'yata ce ta makara ba. Matar nan ta fim ce mai azarɓaɓi."

Jiya mijinki ya nemi ɗalibi guda ya yi karatu a coci ranar jana'izarki. Kendra ta ce ita za ta yi, mahaifinta kuma ya ɗauki hutu don ya kai ta. Can babu allo, babu abin da zai wuce ya bar ta, za mu jira ta duk tsawon da ta ɗauka.

Ubangiji ya karɓe ki cikin jinƙansa, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Veikko, da 'ya'yanki Saara da Colin, da jikokinki, da ɗaliban da har yanzu ke leƙa ajinki da safe. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.