Hijabin da Baraka ta kai taro

Baraka ta shekara ashirin da biyu tana ƙuli-ƙuli a Ƙofar Guga. Daga wani ƙauye na bayan Batagarawa aure ya kawo ta birni, mijinta yana gadi a GRA. Wahalar sana'ar ba a suya take ba, a matsar tunkuza take har mai ya fito. Kafaɗarta ta dama ta daɗe da gajiya. Akwai ranakun da ba ta iya ɗaga hannu ta ɗaura kallabi.

Bara aka sa ta cikin wani haɗin gwiwa na gwada injin matsar mai. Malaman wata makarantar fasaha suka zana, wani mai walda, Malam Almu, ya ƙera, mata shida masu ƙuli-ƙuli suka karɓa suna aiki da shi a gidajensu domin su faɗi abin da suka gani. Duk bayan mako biyu ana haɗuwa a wani aji. Injiniya Halimatus Sa'adiyya ce ke riƙe da taron, kuma ta kafa ƙa'ida: ba za a ƙera da yawa ba sai duk matan shida sun ɗaga hannu.

Sai dai matan ba sa faɗin aibu. An kawo miki abu har gida, an ɗauke miki ciwon kafaɗa, da wane baki za ki kushe shi? In an tambaye su sai su ce sai godiya. Shugabarsu, Hajiya Khadija, ta riga ta ja musu kunne: "Kowa ta iya bakinta. In muka cika ƙorafi, a kwashe a kai ma matan Batagarawa."

Wata Talata da hantsi Baraka ta dawo daga barka, ba ta cire hijabi ba ta kunna injin. Ta sunkuya ta gyara kwanon mai. Bel ɗin da ke juya injin a gefe yake, a buɗe ba murfi. Ya kama bakin hijabin, ya naɗe, ya jawo kanta ƙasa. Ta gaya mini ba ta yi ihu ba, domin wuyan hijabin ya riga ya shaƙe ta. Kumatunta ya kusa taɓa ƙarfen sai injin ya tsaya. Wuta aka ɗauke.

Ba kowa a gidan. Makunnin yana bango, hannunta bai kai ba, kuma ta san ana iya dawo da wutar kowane lokaci. Ta laluba ƙasa ta samu wuƙar da take kankare kasko, ta yi ta yanka ɗinkin ƙarƙashin haɓa har kanta ya fita. Tana zaune a ƙasa tana salati aka dawo da wuta. A gabanta injin ya ƙarasa naɗe ragowar hijabin.

Kwana tara ba ta kunna shi ba. Ta koma matsa da hannu, tana rufe shatin wuyanta da gyale. Hajiya Khadija kaɗai ta gaya wa.

"Ke kika yi ganganci," in ji Hajiya. "Wa ke aiki da hijabi?"

"Dukanmu, Hajiya, in namiji ya yi sallama."

"To Allah ya tsare, ya wuce. Kada ki ja mana. Su ce ba mu iya ba, ke za ki matse mana gyaɗar?"

Baraka tana tsoron a raba ta da injin, tana tsoron bakin 'yan uwanta masu ƙuli-ƙuli. Amma duk sanda ta rufe ido sai ta ga bel ɗin nan yana juyawa a gidan wata, ranar da ba a ɗauke wuta ba.

Ranar taro, bayan doguwar gaisuwa, Injiniya ta ce an samu damar ƙera guda arba'in, saura yardar mata. Hannaye biyar suka tashi. Na Baraka yana kan wata baƙar leda a cinyarta.

"Inna Baraka, kafaɗar ce?" Malam Almu ya tambaya yana dariya. "Ɗaga na hagu, duk ɗaya ne."

Baraka ta tashi ta zazzage ledar a kan tebur. Hijabi ne ruwan toka, ya yage biyu, duk baƙin mai. Sannan ta sassauta gyalenta suka ga wuyan.

Dariyar Malam Almu ta ɗauke. Ya ɗaga hijabin, ya auna tsawonsa da hannu. "Innalillahi," ya ce. "Mu da wando muka gwada shi."

Ɗaya daga cikin matan ta sauke hannunta a hankali, ta ce ita ma ya taɓa cin bakin zanenta.

Abin da Baraka ta ji tsoro ya faru. Washegari aka kwashe injunan shida aka mayar shagon walda. Mako biyar matan suna matsa da hannu, kuma Hajiya Khadija ba ta amsa gaisuwarta sai da ƙyar. Da injunan suka dawo, an rufe bel ɗin da murfin ƙarfe, an sauko da makunni jikin injin, inda gwiwa ke kaiwa. Injiniya ta canza tsarin taron: yanzu takan bi matan gida-gida, ita kaɗai, kafin a zauna da maza, kuma ba a amincewa da wani gyara sai mace ta gwada shi cikin kayan da take aiki da su.

An ƙera arba'in ɗin daga baya. Na je gidan Baraka na tarar za ta fara matsa. Ta cire hijabi ta rataye a ƙofar ɗaki, nesa da injin, ta ɗaure kallabi tamau. Ta taɓa murfin sau biyu ta ji ko yana motsi. Wuƙar kaskon tana ajiye kusa da ƙafarta. Sannan ta yi bisimilla ta kunna.