Gidan Gem ɗin Yaya

Lokacin da gem ya shigo Tudun Wada ina koyarwa a firamare, ban yi aure ba, ina zaune a ɗakin soron gidanmu. Wajen tsakiyar shekarun casa'in ne. Yayana ne ya kawo shi garin. Da can gyaran rediyo yake yi a bakin tasha, sai wani kamfani daga Kano ya zo neman wanda zai riƙe masa kaya: talabijin biyu, na'urar da ake cusa wa kaset, da ɗan janareta. Kaya nasu, rumfa da tsaro na Yaya. Duk mako motarsu takan zo a raba abin da aka samu, a sauya kaset.

Da farko har alfahari muka yi. Manya ma sukan leƙa su ga yadda yaro zai latsa abu a hannunsa, mutum a cikin talabijin ya kai naushi. Ba a daɗe ba manyan suka daina leƙawa, yaran suka daina tafiya gida. Nakan wuce da safe in ga waɗanda na yaye daga firamare, da kayan sakandare a jikinsu, sun cusa littattafai a ƙarƙashin benci. Na yi wa Yaya magana, ya ce shi bai kira kowa ba. Ban ja ba, yayana ne.

Yara biyu sun fi kowa nacewa. Ɗaya ɗan maƙwabciyarmu ne, katanga ce kawai ta raba gidajenmu, mahaifinsa ya rasu, kuma ni na koya masa haɗa baƙi. Ɗayan Bafulatani ne daga wata ruga a hanyar Doguwa. Ranar kasuwa ya fara zuwa, yana rako uwarsa sayar da nono, daga baya ya koma barin shanu a hannun ƙannensa yana tahowa a ƙasa. A gem babu mai iya cin sa. In ya zauna, sai ka ga an yi dafifi a bayansa, shi kuwa ko ƙifta ido ba ya yi.

Ana cikin yankan gero aka neme su aka rasa, su biyun, rana guda. Aka duba dangi, aka duba bakin rafi, aka yi cigiya a masallatai. Sai da aka matsa wa sauran yaran sannan suka ce direban kamfani ya daɗe yana ba su labarin babban gidan gem na Kano, inda ake gasa, gwani ya samu kyauta.

Da hantsi mahaifin yaron rugar ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Dogo ne, da sanda a kafaɗa, ya kusa sa'ar Baba. Aka shimfiɗa masa tabarma a soro, suka gaisa da Baba gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi amfanin gona. Sannan ya ce:

"Alhaji, ban zo rigima ba. An ce mini a rumfar ɗanka aka ga yarona ƙarshe. Na zo a nuna mini hanyar da ya bi."

Baba mutum ne da ake kira sasanta rikicin gona, ga shi yana kallon tabarma yana jan zaren rigarsa. Daga ranar ya daina zama hira bayan sallar la'asar. Ni ma in na shiga aji sai in ji kamar yaran suna kallon wani abu a goshina. Innarmu kuwa tana jin kukan maƙwabciyarmu ta katanga, ta shiga ta ba ta haƙuri, ta dawo ta kasa cin abinci.

Baba ya ce Yaya ya kai mutumin har ofishin kamfanin, ni kuma in bi su saboda Turanci. Muna shirin fita maƙwabciyar ta tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, in ka gan shi kada ka yi masa faɗa. Ka dai riƙo mini hannunsa."

A mota dattijon, wanda nake kira Baffa, yana gefena har muka wuce Kwanar Ɗangora. Goro kawai ya ɓara ya miƙa mini, ya miƙa wa Yaya. Da zaginmu ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ofishin a saman bene yake, ƙasansa kuma zauren gem ne, dogo, duhu-duhu, ƙara kamar injin niƙa. Lokacin makaranta ne amma a cike yake. Baffa ya bi layi yana duba ƙeyar yara ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya waiwayo. Namu ba sa ciki.

Manajan ya bar mu a tsaye. Na tabbata yana jin Hausa, don na ji ya yi ta da masinja, amma da mu Turanci ya zaɓa, kuma ni kaɗai yake kallo. Na yi masa bayani. Ya jingina da kujera ya yi magana mai tsawo. Ya ce su kayan wasa suke bayarwa haya, ba renon yara suke yi ba. Ya ce wanda ya kasa tsare ɗansa ya tuhumi kansa. Ya ƙara da cewa in gaya wa mutumin dajin nan ya matsa da sandarsa daga jikin teburinsa.

Na juya na ce, "Baffa, ya ce ba su san inda yaran suke ba."

Baffa ya dube ni. "Malam, maganarsa ta fi haka tsawo. Faɗa mini duka. Ai don haka aka haɗo mu."

Na faɗa masa, da bakina, kalma bayan kalma, har da ta dajin. Yaya yana gefe ya sunkuyar da kai, shi da ya shekara yana kiran mutanen nan iyayen gidansa.

Baffa ya ɗauke sandarsa a hankali. "Gaya masa na ji. Gaya masa in saniyata ta shiga gonar wani, ba na cewa ai ban aike ta ba. Zuwa nake in tsaya a kan ɓarnar. Shi ke nan, mu tafi."

Na mayar da Turanci. Manajan ya riga ya ɗauki waya.

A ƙasa muka yi kiciɓis da direban yana wanke mota. Yaya ya cafki wuyan rigarsa, abin da ban taɓa gani ya yi wa kowa ba. Direban ya ce shi ya ɗauko su, kuma ofis sun sani. Gasar ma ba a yi ta ba. Yaron rugar an kai shi Bebeji, inda aka buɗe sabuwar rumfa, ana son gwani ya zauna yana bugawa don yara su taru. Ana ba shi abinci, yana buga gem kyauta. Ɗayan kuwa ya yi 'yan kwanaki yana shara a zauren, da aka ga ba gwani ba ne aka kore shi. Inda ya nufa, bai sani ba.

Mun isa Bebeji bayan la'asar. Ƙarar janareta ce ta kai mu wurin, wata rumfar zana a bayan kasuwa. Yaron yana zaune a tsakiya, ya rame, rigar da ya bar gida da ita ta yi baƙi. Baffa ya ratsa yara ya tsaya daidai bayansa. Ya daɗe a tsaye, inuwarsa har a jikin talabijin, yaron bai sani ba. Sai da wasan ya ƙare Baffa ya kira sunansa, ya yi masa magana da Fillanci, gajeriya. Yaron ya ajiye abin latsawar, ya miƙe. Baffa bai doke shi ba, bai ɗaga murya ba. A mota na lura yatsun yaron suna ta motsi a kan gwiwarsa, uban ya ɗora tafinsa a kai ya danne har muka iso.

Ni ne na shiga wurin maƙwabciyarmu. Ta leƙa bayana tukuna, sannan ta dube ni. Na ce an gan shi a Kano, yana da rai. Ta ce, "To, Malam. Sannu da hanya." Ta kawo mini ruwa, na karɓa na riƙe, na kasa sha.

Mako bai zagayo ba motar kamfanin ta zo ta kwashe kayanta, wai Yaya ya jawo musu fitina. Ba su bar garin ba. Wani suka ba a ɗaya gefen tashar, yaran suka koma can. Yaya ya koma Kano neman ɗan maƙwabciyarmu sau da yawa, tasha-tasha, kasuwa-kasuwa, har ya sayar da kekensa. Ya komo gyaran rediyo, amma mutane da yawa sun gwammace su kai nasu Kiru. Su Baffa suka tashi da shanunsu suka yi kudu bayan kaka, ban sake ganin su ba.

Ɗan maƙwabciyarmu ya dawo da kansa bayan damina biyu, a matsayin yaron babbar mota. Ya yi tsawo, muryarsa ta buɗe, haƙorinsa ɗaya ya karye. Bai gaya wa kowa inda ya zauna ba, makaranta kuma bai koma ba. Uwarsa ta yi waina sadaka, ta aiko shi da kwano gidanmu kamar yadda ta aika kowane gida. Ina soro ya shigo. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ina wuni." Na amsa, na tambaye shi hanya, ya ce lafiya. Ya ɗan jira, sannan ya wuce ciki da kwanon.