Kujerar da na jiƙa

Har yau in na ga kujerar katako mai lanƙwasasshiyar jingina, sai gabana ya faɗi.

Muna zaune a unguwar Hindawiyya, can ƙasar Larabawa, lokacin, ni da maigida da 'yan matanmu uku. Shi kafinta ne a kasuwar Balad. Iƙamarmu, takardar izinin zama, saura kwana biyar ta mutu, kafilinsa kuma, Balaraben da ya tsaya masa, ya ce ba zai sa hannu a sabunta ba sai an gyara masa wata kujera da aka kawo masa daga Turai. Ƙafa ɗaya ce ke girgiɗi. Maigida ya manne ta, ya kawo ta gida ta bushe, don shagon ba wuri.

Abu kamar ba zai ɗauki mutum ba. Ƙafafu sirara, jinginar ta zagayo kamar za ta rungume ka, ko ƙusa ɗaya babu. Mazaunin saƙar igiya ne, ya ɗan saki a tsakiya, ga dauɗa.

To, mu a Sudan muka tashi. In igiyar angarib, gadonmu na saƙa, ta saki, ruwa ake zuba mata a kai ta rana, ta ɗaure tamau. Na ce bari in taimaka. Na kwara ruwan zafi, na bi da soso.

Ashe takarda ce aka murɗa ta zama igiya! Ta kumbura, tana biyo hannuna kamar dafaffiyar taliya.

Maigida ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ke, me kika yi?"

"Wallahi Malam, gyara na yi."

"Kin gyara mana hanyar jirgin ruwan da ake korar baƙi a ciki. Halas, shi ke nan, fara ɗaure kaya."

Bai ɗaga murya ba, wannan ne ya fi kashe ni. Ni da ko kasuwa ba na zuwa, na zaga Balad rumfa-rumfa da guntun igiyar a hannu. Kowa ya ce mafi, babu. Na sayo siririyar igiyar kaba. Kwana uku ina saƙa ina warwarewa, don saƙar daga kusurwa huɗu take tahowa ta haɗu a tsakiya. Yatsuna suka tsage, ina goge jinin da zane kada ya taɓa katakon.

Ran na biyar maigida ya kai ta. Na zauna a dokin ƙofa, ko wuta ban hura ba.

Bayan la'asar ya dawo da kujerar a ka. Kafili ya shafa, ya ce wannan ba tasa ba ce, a fitar masa da ita. Ya sa hannu, amma ga maigida kaɗai.

Ni da yaran muka shekara ba takarda. Ko an ƙwanƙwasa, ba na buɗewa, don tsoron masu kame. A kan kujerar nake zama ina sauraren takun masu wucewa.